Tsimin Shayi da Sa'ar Rangwame: Ina Ribar Ɗalibi Take?

Ina neman a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani abu da wani zai ga bai kai a ɓata masa takarda ba, wato shayi. To amma duk ɗalibin da ya taɓa zama ya lissafa abin da yake kashewa, daga ranar da aka aiko masa da kuɗin wata zuwa ranar da aljihu ya yi fayau, ya san shayi da burodi ba ƙaramin gurbi suke ci ba. Da su muke karyawa, da su muke raba dare lokacin jarrabawa, wata rana ma su ne abincin daren gaba ɗaya.

Abubuwa biyu ne ake yayinsu a tsakaninmu a 'yan shekarun nan, kuma kowanne da sunan sauƙi ake tallarsa. Na farko shi ne dafa shayi mai kayan ƙamshi, a yi shi da ƙarfi sosai, a ajiye a gora, kullum a tsiyayi kaɗan a sirka da ruwan zafi. Na biyu kuwa shi ne abin da wasu gidajen abinci na zamani ke yi, su ware wasu sa'o'i da yamma su rage kuɗin abin sha da ɗan abin taɓawa, su yi ta turo talla ta WhatsApp da Instagram. A nawa ra'ayin, na farkon sauƙi ne na gaskiya, na biyun kuwa sauƙi ne mai ƙugiya a ciki. Amma abin da ya fi damuna shi ne, duka biyun na iya raba mu da wani wuri da bai kamata ɗalibin harshe ya rabu da shi ba, wato teburin mai shayi.

Bari mu fara da suna, tunda aikinmu ke nan. Shi wannan shayin da ake dafawa a ajiye ba shi da tsayayyen suna a bakin mutane. Ni dai shawarata a kira shi tsimin shayi. Dalili kuwa, kalmar tsimi fuska biyu gare ta. Akwai tsimi na jiƙa abu a ruwa a bar shi har amfaninsa ya fito, kamar yadda ake tsima sassaƙe. Akwai kuma tsimi na tattali, wanda muke ji a "tsimi da tanadi". Wannan shayi kuwa ya haɗa duka: kayan ƙamshi sun tsimu, aljihu ya huta. Na san 'yan uwanmu mata za su yi murmushi, domin kalmar na da wata ma'ana ta uku a wurin masu gyaran amare, amma wannan ba shi ne darasinmu na yau ba. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Uwar da ta ajiye gasara tana ɗiba tana dama koko kowace safiya ta riga kowa sanin amfanin yin wahala sau ɗaya a ci moriya sau bakwai.

Ga yadda nake yin nawa. A zuba ruwa lita 1 da rabi a tukunya, wato cikin babbar gorar ruwan roba ɗaya. A daddaka ɗanyar citta kamar girman manyan yatsu biyu, in busasshiya ce a rage, domin ta fi yaji. A sa kanumfari ƙwaya 10 zuwa 12, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba guda 2 da aka ɗan fasa, sai kirfa sanda ɗaya. A bar su su tafasa a wuta kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, har ruwan ya ƙone ya dawo wajen lita 1. Daga nan a sauke, sannan a jefa ganyen shayi, ƙulli 10 na irin mai igiya, a rufe minti 5 kacal, a tace da rariya. Mai son na'ana'a ya sa ta tare da ganyen. Idan an tashi sha, rabin kofi na tsimi, rabin kofi na ruwan zafi ko madara. Lita ɗaya ta zama lita biyu ke nan, wato kofi 8 madaidaita.

Abin lura a nan shi ne tsarin zubawar, don ba a banza aka jera shi haka ba. Ƙamshin kanumfari da kirfa a cikin mai yake, kuma man ba ya fita daga busasshen itace sai an daɗe ana dafawa. Ganyen shayi kuwa akasin haka ne. Cikin 'yan mintoci yake sakin launi da ɗanɗanonsa, idan aka bar shi yana ta tafasa sai ya saki sinadarin da ke sa bauri, wanda ke kama harshe kamar an tauna ɗanyen goro. Wanda ya zuba su lokaci guda, ko dai ya sha shayi mai bauri, ko ya sha kayan ƙamshin da ba su nuna ba. Haka kuma kada a kuskura a sa madara a cikin abin da za a ajiye, ita ce ke fara lalacewa.

Maganar ajiya kuwa, a nan ne gizo ke saƙar. Masu rubuta irin wannan dabara a ƙasashen Turai suna cewa a sa a firiji ya yi mako guda. Su wutar lantarkinsu ba ta ƙiftawa. Mu a Gombe, a watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, firijin ɗakin ɗalibi kuma, in ma akwai shi, ya fi kama da akwatin ajiye littattafai. Saboda haka wanda ba shi da tabbacin sanyi ya raba ma'aunin nan biyu, ya yi na kwana ɗaya ko biyu, ya sake tafasa shi kafin ya sha, in kuma ya ji warinsa ya sauya ya zubar ba tare da jayayya ba. Lokacin hunturu ya fi jurewa. Akwai ma hanyar da ta fi wannan dacewa da mu: a busar da kayan ƙamshin, a daka su tare, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Garin zai yi watanni, kuma ƙaramin cokali ɗaya ya ishi buta.

To mene ne ribar? Ta farko dai wuta. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, babu abin da bai tashi ba, daga gas da gawayi har sukari da madara. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ita kanta citta ba ta tsira ba, domin a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakinta a kudancin Kaduna, yankin Kachiya da Jaba da Kagarko, inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, farashinta ya yi tashin gwauron zabi. A irin wannan hali, dafa kayan ƙamshi sau ɗaya maimakon sau takwas ba abin rainawa ba ne. Ruwan zafin sirkawa kuwa, tafasa ɗaya ce a zuba a fulas.

Riba ta biyu ita ce sanin abin da ke cikin kofinka, musamman sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato wajen ƙananan cokula 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Yanzu mai karatu ya tuna yadda ake haɗin kauri: sukari da babban cokali, ga madarar gwangwani, ga Milo ko Bournvita waɗanda su ma da zaƙinsu. Kofi biyu sun isa su cinye kason yini. Shayin da ya ji citta da kanumfari kuwa ba ya neman zaƙi mai yawa, domin harshe ya riga ya sami abin yi. Ban ce magani ba ne, kada wani ya bar asibiti ya koma wa buta. Hasali ma masana abinci na gargaɗin cewa shan shayi a kan abinci na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka mai ƙarancin jini ya ba da tazara tsakaninsu.

Yanzu sai sa'ar rangwame. Wannan al'ada daga Amurka ta taso, kuma su "sa'ar farin ciki" suke ce mata. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin ruwansu ke kiran lokacin nishaɗi a cikin jirgi da wannan suna, lokacin dambe da kiɗa da kallon majigi. Daga baya masu mashaya suka ari sunan, suka liƙa wa lokacin da suke karya farashin giya bayan an tashi daga aiki. Abin ya jawo tuƙin maye da haɗurra har jihar Masacuset ta haramta shi a 1984. Da al'adar ta iso wurinmu sai ta tuɓe giyar, ta sa lemo da shawarma da askirim, amma lissafin da ke ƙarƙashinta bai sauya ba.

Ga lissafin. Mai gidan abinci yana biyan haya da albashi da man janareto, ko da mutum a kan kujera ko babu. Tsakanin La'asar da Magariba kujerun nan a wofi suke, masu abincin rana sun tafi, masu na dare ba su iso ba. Don haka duk wanda aka jawo a wannan lokaci riba ne, ko da an sayar masa da lemo a kan kuɗin sari. Kuma an san ba zai tsaya a lemon ba. Zai ga ɗan uwansa na cin naman kaza, ƙamshi ya bugi hancinsa, kunya ta hana shi zama da kofi ɗaya tsawon awa guda. Abin da aka rage masa a kofi sai a fanshe a faranti. Ƙara da kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa daga Tudun Wada ko Malam Inna, sai ka ga ɗalibin da ya fita cin garaɓasa ya dawo ya kashe kuɗin shayin mako guda. Ban zargi mai gidan abinci ba, kasuwa yake yi, kuma bai tilasta kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, rangwame a kan abin da da ma ba ka yi niyyar saya ba, ba ragi ba ne, sabon kashe kuɗi ne.

Abin dariya ma shi ne yadda muke ɗaukar abin kamar wata sabuwar hikima. Je ka Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa gab da Magariba ka taya tumatir ko alayyafo, ka gwada da farashin safe. Mai fura da nono da rana ta yi mata, mai tsire da dare ya raba, kowannensu ya san gara ragi da kwantai. Bahaushe na da kalmomi birjik a wannan fage: ragi, rangwame, gyara, ƙari, garaɓasa, araha. Al'ummar da ta tara wa abu sunaye haka ba ta buƙatar a koya mata shi daga ƙetare. Bambancin kawai shi ne namu ba a buga shi a allo, a baki ake yinsa, kuma gwargwadon sanayya.

Wannan ya kawo ni kan teburin mai shayi, inda na fi so mu daɗe. Duk unguwar da ka shiga a garin nan, Jekadafari ko Bolari, Pantami ko Herwagana, Kumbiya-kumbiya ko bakin tasha, za ka same shi da asuba, ka kuma same shi bayan Isha'i: tebur, benci biyu ko uku, ƙatuwar buta a kan gawayi, gwangwanaye a jere kamar sojoji, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai, da rediyo. Rangwamensa ba shi da sa'a. Mai kuɗi ya sha haɗin kauri, marar shi ya sha ruwan bunu, benci ɗaya suke zaune. Sau da yawa in ka sha rabi ka miƙa kofi a ƙara maka ruwan shayi, ba a sake lissafi. In wata ya yi nisa, akwai littafin bashi. Wane gidan abinci mai gilashi ne zai rubuta sunan ɗalibi ya jira shi har a aiko masa daga gida?

Amma ba araha ce ta sa nake kare wannan tebur ba, domin na riga na nuna tsimin gida ya fi shi araha. Abin da ake samu a can wanda babu shi a gora shi ne harshe. Ni da ire-irena da ba da Hausa muka buɗi baki ba, muna da yawa a jihar nan. Akwai Batangale da Batere da Bawaje, akwai mutanen Tula da Dadiya da Cham, akwai Bolawa, akwai Fulanin da Fulfulde ce ta cikin gida. Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da makaranta, amma Hausar aji daban, ta bakin titi daban. A aji an koya mana cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" yawanci jinsin mace ne, sai kuma aka ce ban da su ruwa da gida da nama da suna. Haddace wannan abu ne mai sauƙi, amma fitar da shi daidai a tsakiyar zance sai kunne ya saba. A teburin mai shayi kuwa, a dare ɗaya za ka ji "ruwa ya tafasa", "madara ta ƙare", "buta ta yi zafi", "burodi ya bushe" sau ba adadi, ba tare da kowa ya san darasi yake bayarwa ba.

Haka batun karin harshe. Malamanmu sun raba mana shi gida biyu, na gabas da na yamma, mun rubuta Kananci da Bausanci da Guddiranci a gefe guda, Sakkwatanci da Katsinanci a ɗaya gefen. To da yawa daga masu shayi da masu zama wurinsu 'yan ci-rani ne da direbobi da fatake. A nan za ka ji wanda ke cewa "mi" a maimakon "me", "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa", "biyat" a maimakon "biyar", ka gane abin da ke cikin littafinka mutane ne masu rai ke furta shi. Ga karin magana da habaici da zambo da ba'a tsakanin abokan wasa, ga gardamar siyasa bayan an saurari Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957, ga musun ƙwallo da ba ya ƙarewa. Wanda ke neman abin rubuta kundin kammala karatu a kan sara ko salon magana, ga fili nan kyauta.

Teburin kansa ma darasi ne na aron kalmomi. Shayi da sukari da kanumfari da kirfa da na'ana'a daga Larabci suka zo. Tebur da benci da kofi da bota daga Ingilishi. Cokali kuwa manazarta na danganta shi da harshen Buzaye. Masana sun lura cewa sunan wannan ganye a harsunan duniya daga tushe biyu na ƙasar Sin ya fito, "ca" wanda ya bi hanyar fatake ta tudu, da "te" wanda ya bi jiragen ruwa zuwa Turai. Hausa ta kama duka biyun: ta karɓi "shayi" ta hannun Larabawa, ta karɓi "ti" ta hannun Ingilishi. Kanumfarin da ke cikin butar asalinsa tsibiran Indunusiya ne, kuma Zanzibar ta yi suna da nomansa. Ganyen kuwa ba lallai sai na waje ba, ana noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba maƙwabciyarmu, inda ake yin Highland Tea.

Sai dai akwai gaskiyar da ba zan tsallake ba. Wannan makaranta ta bakin titi ta maza ce. Ɗaliba ba za ta je ta zauna a benci bayan Isha'i tana sauraron gardama ba, iyakarta ta aika yaro ko ta tsaya daga gefe a zuba mata a leda. A ajinmu kuwa mata ba kaɗan ba ne, kuma cikinsu akwai masu neman gogewa a Hausa kamar yadda nake nema. A nan dole in sassauta wa gidajen abincin da na gama suka, domin su ne wurin da mata huɗu za su zauna a fili su yi hira ba wanda ya ɗaga musu gira. Idan sa'ar rangwame ce ta sa kuɗinsu ya kai, to ta yi rana. Mai zuwa dai ya je da lissafinsa, ya san abin da zai saya tun daga gida, ya ɗauki abin a matsayin nishaɗi na lokaci-lokaci, kada ya yaudari kansa cewa tanadi yake yi.

Tsorona da tsimin shayi shi ne kada ya zama shayin kaɗaici: kowa a ɗakinsa, kofi a hannun hagu, waya a hannun dama. Kofi 8 da na lissafa a sama ba dole ne mutum ɗaya ya shanye su cikin kwana huɗu ba, mutum takwas na iya shanye su a zama ɗaya, kuma hakan ma ya kawar da matsalar firiji. Don haka ina miƙa shawara ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da su ware yammacin rana ɗaya a mako, bayan La'asar, a shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar da ke gaban sashe, maza a gefe mata a gefe, a yi majalisar shayi da sharaɗi ɗaya: ba Ingilishi, ba latsa waya. Kowane aji ya ɗauki mako guda yana kawo citta da sukari. A riƙa gayyato mutanen gari, wata rana dattijo mai tatsuniya, wata rana direban tasha, wata rana shi kansa mai shayin bakin ƙofa, a biya shi ladan lokacinsa ya zo ya nuna mana yadda ake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ba a zubar ba. Kanumfari da kimba na makon farko ni zan kawo, buta da fulas kuwa sai a nema wurin 'yan aji huɗu.